Sharhi Kan Bavar-373, Garkuwar Sama Ƙirar Iran

Bavar-373 shi ne mafi dogon zango cikin makaman kare sararin samaniya da Iran ta ƙera da kanta, kuma tilas ce ta haife shi. A shekarar 2007 Iran ta ƙulla cinikin S-300, makamin kare sararin samaniya mai dogon zango, da Rasha, amma a 2010, bayan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1929 da ya ƙara wa Iran takunkumi, Shugaba Dmitry Medvedev na Rasha ya hana a miƙa kayan. Daga nan injiniyoyin Iran suka duƙufa kan nasu, har Shugaba Hassan Rouhani ya ƙaddamar da shi ranar 22 ga Agustan 2019, shekara uku bayan S-300 ɗin da aka riƙe ya iso.

Ta fuskar ƙira, akwai abin yabo. Na'urar rada mai hango jirage, da ɗakin ba da umarni, da maharbin kansa, wato na'urar harba makamin, duk a kan manyan motoci suke, saboda haka ana iya tashi daga wuri kafin abokin gaba ya mayar da martani. Makamin mai linzami kuma a tsaye yake fita daga akwatinsa, abin da ya sa ba sai an juya maharbi ya fuskanci inda hari ya ɓullo ba. Iran ta ce samfurin Sayyad-4 yana kai kilomita 200 a nisa da kilomita 27 a sama, sannan a Nuwamban 2022 ta nuna Sayyad-4B, wanda ta ce yana cin kilomita 300. Ga ƙasar da ta shafe shekaru cikin takunkumi, wadda ta fara koyon wannan sana'a ta hanyar kwaikwayon makaman Amurka da aka saya tun zamanin Shah, wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Sai dai duk waɗannan alƙaluma daga bakin mai kaya suka fito, kuma jami'an ƙasar sun sha iƙirarin cewa Bavar-373 ya zarce S-300 ba tare da wani ɗan ba-ruwanmu ya gwada ba.

Wani makamin ƙirar Iran, Sevom Khordad, mai matsakaicin zango, ya fi shi shaidar aiki, domin shi ne Iran ta ce ya kakkaɓo jirgin leƙen asirin Amurka maras matuƙi samfurin Global Hawk kusa da mashigin Hormuz ranar 20 ga Yunin 2019. Amma wancan jirgi ƙato ne, mai tafiyar hawainiya idan an kwatanta shi da jirgin yaƙi, kuma ba a ƙera shi don ɓuya daga rada ba.

Jarrabawa ta haƙiƙa ta zo ne a yaƙin kwana 12 da ya ɓarke tsakanin Iran da Isra'ila ranar 13 ga Yunin 2025. Cikin 'yan kwanaki Isra'ila ta sanar cewa jiragenta na shawagi a kan Tehran yadda suka ga dama, kuma ranar 22 ga watan Amurka ta kai hari kan cibiyoyin nukiliyar Iran da ke Fordo da Natanz da Isfahan ba tare da ta rasa jirgi ko ɗaya ba. An harbo wasu jirage marasa matuƙa, amma babu wata gamsasshiyar hujja da ta nuna Bavar-373 ya saukar da jirgin yaƙi mai matuƙi. Adalci ne a faɗi cewa ba laifinsa ba ne shi kaɗai: harin da Isra'ila ta kai a Oktoban 2024 ya riga ya raunana S-300, an kai wa wasu na'urorin harba makamai farmaki daga cikin Iran, kuma an kashe manyan kwamandoji tun daren farko. Matsalar haɗin kai tsakanin rundunoni ma tsohuwa ce, kamar yadda harbo jirgin fasinjan Yukren da dakarun Iran suka yi bisa kuskure da makamin Tor-M1 ya nuna a Janairun 2020, inda mutum 176 suka rasu.

A nawa hukuncin, Bavar-373 zai iya tsoratar da jiragen leƙen asiri da tsofaffin jiragen yaƙi, kuma ya fi kayan waje sauƙin gyara tunda kayan gyaransa na gida ne. Ƙasar da ke fuskantar F-35, jirgin yaƙi mai ɓuya daga rada, da ƙwararrun masu toshe rada kuwa, ba ta da dalilin ɗora tsaron babban birninta a kansa, sai an ga ya harbo irin wannan jirgi a fagen daga.