Manhajar gwaji a wayar da kake karɓar kuɗi da ita

Shiga gwajin sabuwar manhajar da ke tafiyar da waya, wadda kamfani ke saki kafin cikakkiyar ta fito, ba ta da wuya. Mai Pixel, wayar Google, zai buɗe shafin Android Beta, ya yi rajista da asusunsa na Google, sabuntawa ta iso masa kamar kowacce. Mai iPhone kuwa tun daga iOS 16.4 zaɓin yana cikin saitin sabunta manhaja. Samsung na buɗe gwajinta a ƙasashe kaɗan, irin su Koriya, Jamus da Indiya. Fayil ɗin yakan haura gigabait ɗaya, don haka a nemi Wi-Fi, a cika batir, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

Abin da ya burge ni: kana ganin sabon tsari wata da watanni kafin jama'a. Android 16 an fara gwajinta ga kowa a Janairun 2025, ba ta fito ba sai Yuni.

Amma kwana ɗaya ko biyun farko waya takan yi zafi, batir ya riƙa zuba, saboda tana sake tsara manhajoji da hotuna a ɓoye. A Garwa ta Kamaru cikin Afrilu, inda zafi ke wuce digiri 40, waya a aljihu ko a maƙale a kan babur za ta rage hasken fuska da kanta, caji ya ja baya. Wannan yakan lafa. Wanda ba ya lafawa shi ne manhajar banki da ta ƙi buɗewa don masu ita ba su gyara ta ga sabon tsarin ba. Sai ka jira su. Sauƙin abin, lambobin da ake bugawa don hada-hadar kuɗi a Kamaru, *126# na MTN da #150# na Orange, ta layin waya suke bi, ba ruwansu da manhajar.

Fita ce matsala. A Pixel, in ka janye kafin cikakkiyar ta fito, komai na wayar gogewa yake, har hotunan biki. A iPhone sai da kwamfuta da kebul mai haɗa su, kuma ajiyar da ka yi kana kan gwaji ba za ta hau tsohon iOS ba. Saboda haka ajiyar a yi ta kafin shiga, har da ta WhatsApp, a tabbata ta kammala.

Ga mai gyaran waya da ke da ta biyu a aljihun tebur, shiga gwajin ta cancanta. Ɗan kasuwa mai waya ɗaya da kwastomomi ke turo masa kuɗi, ya bari cikakkiyar ta fito.