Google Scholar wajen auna mai binciken ƙwayoyin garkuwar jiki: inda yake da amfani da inda yake ruɗi

Duk wanda aka ɗora wa nauyin tantance mai bincike a fannin ƙwayoyin garkuwar jiki, ko don ƙarin girma ko don ba da tallafi, galibi shafin mutumin na Google Scholar yake fara buɗewa. Ba laifi. Kyauta ne, kuma tun 2011 yake bai wa masu bincike damar buɗe shafin kansu, inda ake jera maƙalunsu da yawan ambaton da kowace ta samu, wato sau nawa wasu rubuce-rubuce suka kafa hujja da ita. A gefe akwai lamba uku: jimillar ambato, ma'aunin h, da i10. Wajen nemo maƙalun mutum ba shi da na biyu. Wajen auna darajar aikin kuwa, sai an yi hattara.

Jorge Hirsch ne ya fito da ma'aunin h a 2005. In aka ce h ɗin mutum 30 ne, yana da maƙala 30 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Shi kuma i10 yana ƙirga maƙalun da suka kai ambato 10.

Matsala ta farko, Scholar ba ya zaɓe. Kundin digiri, rubutun da aka ɗora a shafin bioRxiv kafin masana su tantance shi, har takardun taro, duk ƙirga su yake yi. Shi ya sa lambarsa kan zarce ta Scopus da ta Web of Science, wasu rumbunan ƙirga ambato, kuma kuskure ne a gwada h ɗin wani na Scholar da h ɗin wani na Scopus. Wani lokaci maƙala ɗaya kan fito sau biyu, ta bioRxiv da ta mujalla, ambaton ya rabu gida biyu har sai mai shafin ya haɗe su da hannu. In kuma ya bar shafin yana sabunta kansa, aikin takwaransa na iya faɗowa ciki. Maganin shi ne a gwada jerin da na ORCID ɗinsa, wato lambar shaidar mai bincike mai alama 16.

Inda abin ya fi ruɗi a wannan fanni shi ne irin maƙalun da ke tara ambato. Akwai jagororin aiki da na'urar tantance ƙwayoyi da hasken leza, waɗanda European Journal of Immunology ta buga a 2017 da 2019 da 2021, kowanne da ɗaruruwan marubuta. Wanda ya rubuta sakin layi biyu a ciki, Scholar zai jibga masa ambaton gaba ɗaya, daidai da wanda ya jagoranci aikin. Haka maƙalun bita, masu taƙaita binciken da aka riga aka yi, na Nature Reviews Immunology ko Annual Review of Immunology, suna jan ambato sosai alhali ba sabon gwaji ba ne. Don haka a jera maƙalun bisa yawan ambato, a ɗauki 20 na sama, a ware na bita da na jagora, sannan a duba gurbin sunan mutumin a sauran. A al'adar fannin, na farko shi ya yi aikin ɗakin gwaji, na ƙarshe shi ne shugaban ɗakin. Scholar kan datse dogon jerin sunaye, saboda haka sai a buɗe maƙalar a PubMed, rumbun maƙalun kimiyyar lafiya, ko ita kanta mujallar, domin a can ne ake ganin alamar mutum biyu da suka raba matsayin farko.

Sai batun lokaci. Ralph Steinman da Zanvil Cohn sun bayyana ƙwayoyin dendiritik, wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki, a 1973, aka ɗauki shekaru ana tababa, kyautar Nobel ba ta zo ba sai 2011. Shimon Sakaguchi ya buga aikinsa kan ƙwayoyin T masu tsawatar wa garkuwar jiki a 1995, lokacin da yawancin masana suka juya wa batun baya, shi ma Nobel ɗinsa sai 2025. Layin ambaton shekara biyar na baya-bayan nan da Scholar ke nunawa ba ya kama irin wannan aiki.

Ana kuma iya yi wa Scholar wayo. A 2010 Cyril Labbé ya ƙirƙiri marubucin bogi mai suna Ike Antkare da takardun da kwamfuta ta harhaɗa suna ambaton juna, h ɗinsa ya kai 94. Scholar ba shi da maɓallin cire ambaton da mutum ya yi wa kansa, Scopus kuwa yana da shi, sai dai cikakken amfani da shi na masu biyan kuɗi ne. Maƙalar da aka janye ma ambatonta na nan a lissafi, sai an leƙa rumbun Retraction Watch.

Hukuncinmu: a tattaro jeri da Scholar, amma a yi awo da iCite na cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, wanda shi ma kyauta ne. Ana zuba lambobin PubMed na maƙalun da suka rage bayan tacewa, ya ba kowacce makin da ke gwada ta da 'yan uwanta a fanni ɗaya, inda 1.0 ke nufin matsakaiciyar maƙalar da NIH ta ɗauki nauyi. Iyakarsa, abin da ke PubMed kawai yake gani, kuma makin sabuwar maƙala na wucin gadi ne har ta ɗan kwana biyu.