Hoton MRI kan ƙarin cinya: sharhi kan wata cibiyar gwaji

Daga Birnin Kebbi likita ya tura mu wata cibiyar gwaji mai zaman kanta domin a yi wa yayana hoton MRI, wato hoton da ke nuna cikin jiki, saboda ƙarin da ya fito masa a cinya ya haura santimita 5 kuma ya nutse cikin tsoka. Ma'aikatan sun burge ni. Kafin ya shiga sun karɓe agogonsa da makullai, suka tambaya ko akwai ƙarfe a jikinsa, kasancewar na'urar da maganadisu mai ƙarfi take aiki, sannan suka duba gwajin ƙodarsa kafin allurar da ke fito da hoton sarai. Ƙarar na'urar kuwa, sai da aka toshe masa kunnuwa.

Rahoton ne ya fi gamsar da ni, domin ya bayyana matacciyar tsoka a tsakiyar ƙarin da kumburi a kewayensa, alamomin da likitoci ke dangantawa da ƙari mai tsanani, amma ya jaddada cewa sai an gutsuri naman an auna kafin a tabbatar da matakin tsananinsa, 1, 2 ko 3.

Kuɗin dai ya yi nauyi, kuma mun kwana uku muna jiran sakamako.