Wace Hanyar DNS Ta Dace da Ofishinku? Abin Dubawa Kafin a Kashe Kuɗi

Sau da yawa idan ma'aikata suka ce intanet ta ɗauke a ofis, layin yana nan lafiya lau, abin da ya tsaya shi ne DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshin IP na lambobi wanda kwamfuta ke fahimta. Saboda haka, kafin a sayi sabuwar na'ura ko a sauya kamfanin intanet, a fara da gwaji. A buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a buga ping 8.8.8.8 (umarnin da ke gwada ko wani adireshi yana amsawa), sannan a buga ping google.com. Idan na farko ya amsa na biyu ya gaza, to matsalar ta suna ce. Daga nan a buga nslookup google.com, umarnin da ke tambayar adireshin suna, a sake bugawa tare da ƙara 1.1.1.1 a ƙarshe. Idan wannan ya kawo amsa, sabar DNS (kwamfutar da ke amsa tambayoyin suna) da ofishin ke dogaro da ita ce ke da laifi, kuma umarnin ipconfig /all zai nuna wace ce.

Zaɓi mafi sauƙi shi ne a bar rauta ta ci gaba da miƙa tambayoyi ga sabar kamfanin da ke ba ku intanet. Ba ya cin ko kwabo, kuma ya ishi ƙaramin ofis, sai dai idan sabar kamfanin ta yi nauyi babu abin da za ku iya yi illa jira.

Na biyu shi ne sabobin jama'a na kyauta. Google ya buɗe 8.8.8.8 a 2009, Quad9 ta zo da 9.9.9.9 a 2017, Cloudflare kuma ya biyo da 1.1.1.1 a 2018. Bambancin da ya fi muhimmanci ga ofis ba gudu ba ne, tacewa ce: Quad9 tana toshe sunayen da aka san suna yaɗa mugayen manhajoji, Cloudflare yana da 1.1.1.2 don wannan aikin da 1.1.1.3 mai haɗawa da shafukan batsa, shi kuwa 8.8.8.8 ba ya tacewa. Yana da kyau a zaɓi biyu daga kamfanoni daban-daban, domin a ranar 14 ga Yulin 2025 sabar 1.1.1.1 ta tsaya kimanin awa guda a duniya baki ɗaya. Amma idan aka haɗa mai tacewa da marar tacewa, kariyar ta zama rabi da rabi.

Wanda ke son rahoto kan shafukan da ake ziyarta zai iya biyan kuɗin hidima irin ta Cisco Umbrella ko NextDNS. Ta biyun tana ba da tambayoyi 300,000 kyauta a wata, adadin da ofis mai cunkoso zai cinye da wuri.

Sai dai duk waɗannan ba su san sunayen cikin gida ba, kuma a nan ne ofisoshi da dama ke shiga ruɗani. Idan ofishinku yana amfani da Active Directory, wato tsarin Windows da ke kula da asusun ma'aikata da kwamfutoci daga wuri ɗaya, dole ne kowace kwamfuta ta riƙa tambayar sabar Windows ta cikin ofis, domin ta wurinta take gano inda za ta tabbatar da sunan mai shiga da kalmar sirrinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sanya sabar ofis a gurbi na farko na saitin DNS na kwamfuta, a sanya 8.8.8.8 a na biyu da niyyar kariya. Da zarar sabar ofis ta yi jinkirin amsawa, Windows na iya komawa ga ta Google, ita kuma ta ce babu wannan suna, sai ka ga babban fayil ɗin akanta ya buɗe da safe ya ƙi buɗewa bayan azahar, ko firinta ta ɓace wa mutum ɗaya alhali na kusa da shi yana bugawa. Gyaran shi ne a sanya adireshin waje a cikin sabar ofis ɗin kanta, ita ta riƙa turawa. A ganina, duk ofishin da ya kai ga sayen lasisin Windows Server ya kamata ya yi kasafin saba ta biyu tun farko, domin idan ɗaya ta tsaya ɗayar ta ci gaba da amsawa.

Ofishin da ba shi da Active Directory amma yana son sunayen cikin gida da ma'ajiyar amsoshi yana da hanya mai rahusa. Rautar MikroTik tana yin wannan aiki, muddin an rufe ƙofa (port) ta 53, wadda tambayoyin DNS ke bi, daga ɓangaren waje, in ba haka ba ɓata-gari za su yi amfani da ita wajen kai hari, su kuma cinye muku data. Haka nan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi mai ɗauke da manhajojin DNS na Pi-hole da Unbound tana toshe tallace-tallace, tana nuna kowace tambaya a allo. Rauninta katin ajiya ne, wanda ke lalacewa idan wuta na yawan ɗaukewa, don haka a lissafa kuɗin UPS ko inbata cikin farashinta. A kuma tabbatar akwai wanda zai kula da ita idan wanda ya haɗa ta ya bar aiki.

Wajen raɗa sunayen cikin gida, a guji ƙarshen .local, domin yana karo da tsarin mDNS da na'urorin Apple da firintoci ke amfani da shi wajen gano juna. A 2024 hukumar ICANN, mai kula da sunayen intanet, ta keɓe .internal don irin wannan buƙata. Kowane zaɓi aka ɗauka, a duba saitin Chrome da Firefox, saboda suna iya aika tambayoyinsu a rufe ta HTTPS zuwa wata saba ta waje, su tsallake tacewar da kuka biya wa kuɗi. Bayan kowane sauyi a buga ipconfig /flushdns kafin a sake gwaji, domin kwamfuta tana riƙe tsohuwar amsa har wa'adinta ya cika.