Obahol ɗin injin turbo a Farin Gada: yadda aikin garejin ya kasance da dokokin da suka kafa min

Duk mai motar turbo a Jos ya san samun makaniki ba wahala bane, ga su nan birjik tun daga Farin Gada har Bukuru, wahalar ita ce samun wanda ya yarda cewa wannan injin ba irin na Golf 3 ko Fijo 504 bane da aka saba kwancewa a ƙarƙashin bishiya a mayar kafin la'asar. Tawa Honda Accord ce ta 2018 mai injin 1.5 turbo (turbo ƴar fanka ce da ke tura ƙarin iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi), ƴar Kwatano, ta zo da maleji mai yawa kuma da alama a baya an ɗura mata baƙin mai mai kauri wanda ba nata ba. Sai ta fara shan mai, shuɗin hayaki yana fita a salansa in ta ɗan jima a silo, ga wani fito da take yi in an taka. Wani gareji ne can cikin Farin Gada ya yi min aikin, sabon ringin fistin, sabbin metal (ƴan ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu), gasket, da sabon turbo gaba ɗaya, kuma tunda na gama lallaɓa ta na wuce kilomita 1500 ɗin farko inaga yanzu zan iya faɗin gaskiyar abinda na gani.

Abu na farko da ya sa hankalina ya kwanta shine ogan bai yarda a taɓa sifana ba sai da ya jona kwamfuta, ya kuma auna kwamfureshan na kowace silinda a gabana. Daga nan ya kwance bututun da ke shiga intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo ke turawa, ya sa yatsa ya fito da shi jage-jage da baƙin mai yace "Alhaji ka gani, turbo ɗin ne yake zubo mai ta nan, amma ringin ma sun gaji, in muka canza ɗaya muka bar ɗaya kuɗinka ne zai tafi a banza." Ban ji daɗin maganar ba a lokacin saboda aljihu, amma awon yana gabana.

Da suka sauke injin na riƙa leƙawa. Bulok ɗin an kai an goge cikin silindojin, in ka haska tocila zakaga wani siririn zane a gicciye kamar saƙar tabarma, to wannan zanen yace shine sirrin komai, shi ke riƙe mai kuma a jikinsa sabon ringi zai goga har ya zauna daram. In ringin bai zauna a kilomitocin farko ba, zanen ya shafe ya yi santsi, shikenan motar zata yi ta shan mai har ranar da za a sake buɗe ta. Kusoshin top silinda kuwa da sifana mai awon ƙarfin ɗauri suka ɗaure su, bi da bi yadda littafin motar ya tsara, ba a sa wa sifana dogon bututu yaro ya hau kai ba kamar yadda muka saba gani.

Inda suka fi burge ni wajen ɗaura turbo ɗin ne. Bututun da ke kai masa mai basu mayar da tsohon ba, ogan ya tsaga shi ya nuna min yadda mai ya ƙone ya daskare a ciki har hanyar ta tsuke, yace wannan shi ke kashe sabon turbo a sati ɗaya mutum yace an sayar masa da jabu. Intakula ma sai da aka wanke aka shanya. Sannan kafin a tada motar ya ɗauko sirinji ya ɗura sabon mai a bakin turbo ɗin yana juya fankar da yatsa a hankali, ya cire fiyus na fetur yasa yaro ya riƙa murza sitata ba tare da ta tashi ba har mai ya zagaye ko'ina. Dalilin kuwa a fili yake, wannan ɗan ƙaramin abin hayaƙin salansa ne ke juya shi kuma yana iya wuce juyi 150,000 a minti ɗaya, sandar da ke ciki a kan ɗan siririn mai take shawagi, in ta juya a bushe ko na ƴan daƙiƙu ne to an riga an cuce ta.

Na ce masa tunda an buɗe ko zamu cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, mu haɗa fanka dairek yadda kowa ke yi. Wallahi kallon da yamin ya isa amsa. Yace a sanyin Jos motar da babu tamostat bata kai zafin da ya kamata, kwamfutarta zata yi ta ƙara fetur tana zaton injin bai ɗumama ba, fetur ɗin ya wanke man jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Ruwan lagireto ma kulant ya zuba, yace kar na kuskura a ƙara min ruwan leda a gidan wanki tunda turbo ɗin ma da ruwan lagireton yake samun sanyi.

Ranar da zan ɗauka ya zaunar dani a benci ya karanto min dokoki, kuma anan ne nake ganin garejin ya bambanta da sauran, don shi a wajensa aikin bai ƙare ba sai an ci kilomita 1000. Littafin Honda kansa yace a kilomita 1000 na farko a guji taka totur har ƙasa da fizgar mota, wasu kamfanonin ma sun fi tsaurarawa, BMW sun kai har 2000 tare da cewa kar inji ya wuce juyi 4500 a minti ɗaya. Shi dai nawa ogan yace kar allurar juyin inji ta wuce 3500 zuwa 4000, kar na sa kurus (abin da ke riƙe mota a gudu ɗaya da kanta), kar na cika mota da kaya ko na ja wata, kuma kar na tsaya a gudu ɗaya na dogon lokaci. Wannan na ƙarshen shi mutane basu ganewa, mu a tunaninmu lallaɓa sabon inji shine a ɗora ta a 60 daga Jos har Bauchi ba hawa ba sauka. Yace a'a, ka taka da matsakaicin ƙarfi ta ɗan yi nishi, sai ka ɗage ƙafa ka barta ta rage da kanta, ka sake takawa, domin matsin da ke bayan ringi shi ke tura shi jikin silinda, in ka ɗage ƙafa kuma mai ya hau ya wanke ɗan garin ƙarfen. Shawarar da ya bani in bi hanyar Mararrabar Jama'a zuwa Heipang da Barkin Ladi har Mangu, akwai hawa da gangara da kwana daidai gwargwado, kuma gaskiya hanyar ta dace da aikin, ba sai ka tilasta wa kanka canza gudu ba hanya ce ke canza maka.

Hawan Kibo kuwa yace haramun har sai an yi juyen baƙin mai na farko. Ina da hidima a Abuja a tsakanin, dole motar haya na shiga, kuma ban yi gardama ba don duk wanda ya san wannan hawan in kana dawowa daga Akwanga ka wuce Forest, ga tireloli a gaba suna rarrafe dole ka taka da ƙarfi in zaka wuce su, ya san ba wurin sabon ringi bane.

Sai maganar safiya, wadda ta fi shafar mu ƴan Jos. Garin nan yana kusan mita 1200 sama da teku, a Disamba da Janairu sanyin asuba ba wasa bane, shi yasa kowa ya saba ya tada mota ya koma ciki ya sha shayi tana ta silo. Ogan yace wa sabon inji wannan cuta ce, a silo babu matsin da zai zaunar da ringi, sai dai silinda ta yi santsi. Minti ɗaya ya isa mai ya zagaya, sai ka ja a hankali, kar ka bari turbo ya buɗe sai zafin ya kai inda ya saba tsayawa, kuma ka ƙara mata wasu mintuna don baƙin mai ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi. Wajen kashewa kuma akasin haka ne, in ka taho da gudu ko ka gama hawa kar ka kashe nan take, ka bata minti ɗaya zuwa biyu, ko ka rage gudu tun kafin ka iso gida, saboda in mai ya tsaya a cikin turbo mai zafi soyuwa yake ya zama gawayin nan da na gani a tsohon bututu.

Baƙin mai kuwa anan muka fi daɗewa. Motar mai mai lamba 0W-20 take so, wato marar kauri, kuma yace in duba bayan galan in ga tambarin ingancin mai na API SP, wanda aka fito dashi a 2020 musamman saboda irin waɗannan ƙananan injina masu turbo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, suna da wata matsala ta fetur ya kama wuta kafin lokacinsa in ka taka da ƙarfi alhali juyin injin yana ƙasa, har fistin kan fashe. Shi yasa ya hana ni abinda muke kira tattalin mai, wato a bar allura a ƙasa sosai a kan hawa ana danna totur. Jabun mai ya cika kasuwa don haka ya ƙi yarda a aiki yaro Dilimi ya sayo kowane iri, ni na je wajen dila na sayo a rufe. Fetur ma yace ban da na ƴan bumburutu ko da za a yi layi, kowa dai ya tuna gurɓataccen fetur ɗin farkon 2022 da motocin da ya kwantar.

Juyen farko a wajen kilomita 800 aka yi. Sabuwar mota daga kamfani ba lallai a yi saurin juye haka ba, amma injin da aka buɗe a gareji dole ne. Ya tari man a farin roba ya fito dashi rana, in ka karkata zakaga wani ɗan ƙyalli siriri sosai a ciki, yace wannan garin ringi ne da silinda kuma daidai ne, abin tsoro shine ka ga ɓarɓashi da zaka iya ji a yatsa. Ya yanka filta ya ware takardar ya duba ninki ninki, tsaf take. Bai karɓi kuɗin aiki ba a wannan, yace yana cikin na farko.

Amma fa ba komai ne ya min daɗi ba. Alƙawarin lokaci basu cika shi ba ko kusa, an ce sati ɗaya sai ga shi an ninka har da ƙari, kuma in ka kira waya ba a ɗauka sai ka tako da ƙafarka. Kuɗin aikinsu ya fi na maƙwabtansu nesa ba kusa ba, rasit kuma sai da na matsa aka rubuta min, garantin ma da baki ne wanda gaskiya bai dace da aikin wannan kuɗin ba. Yaran sun bar min tabon girisi a kujerar direba da sitiyari, babu wanda ya yi tunanin shimfiɗa leda. Wurin zama babu sai benci ɗaya a rana, ga ƙura, kuma wannan ƙurar ta dame ni tunda injin a buɗe yake kwana, duk da dai na ga suna lulluɓe shi da tsumma da leda.

Yanzu dai hayaƙi ya ɗauke, fiton ya tafi, ina duba sandar mai duk safiya tana nan inda take. Bayan 1000 na riƙa ƙara mata wuta kaɗan kaɗan, sai da ta wuce 1500 sannan na kai ta Hawan Kibo, ta haye da AC a kunne allurar zafi bata motsa ba, kuma a irin tsayin Filato inda iska bata da kauri motar da ba turbo take rage ƙarfi, anan zaka san amfanin abin. In motarka turbo ce kuma aikin ya kai a buɗe inji zan ce ka kai musu, amma ka sa a rubuta maka kuɗi da garanti a takarda tun ranar farko, ka sayo manka da filtarka da kanka, ka kuma tanadi motar da zaka riƙa hawa don zasu riƙe taka fiye da yadda suka faɗa. In kuwa birki ne ko shokozoba kawai, ba sai ka biya wannan tsadar ba, na unguwarku ma zai iya.