Saun kad biyu a kwamfuta ɗaya: abin da ya kai ni ga Scarlett 18i8 da ADA8200 da Reaper

Kusan wata takwas kenan ina aiki da wannan haɗin a ɗan situdiyona na soro, yanzu kam zan iya faɗin ra'ayina a kai ba jita-jita ba, kuma na san akwai 'yan uwa da yawa da ke shirin kashe kuɗinsu a kan saun kad na biyu, to don Allah ku ɗan tsaya tukuna.

Ni da saun kad mai ramin makirfo biyu na fara, wato akwatin da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta, kuma ya ishe ni muddin mawaƙi ɗaya ne zai hau kan kiɗan da na riga na haɗa. Sai ranar da wani mawaƙin gargajiya ya zo min da 'yan amshi huɗu da mai kalangu, ya ce shi fa ba ya iya waƙa shi kaɗai a saka amshi daga baya, sai yana ganin yaransa yana ba su suna karɓa, kuma gaskiyarsa ne don armashin waƙar a nan yake. Na je na aro wani ƙaramin saun kad wajen abokina, a lissafina biyu da biyu huɗu, shikenan magana ta ƙare.

Matsalar farko a Windows manhajar rikodin direban ASIO, wato ɗan shirin da ke haɗa ta da saun kad, guda ɗaya take kamawa a lokaci ɗaya, in ka zaɓi na wannan kad ɗin wancan ya ɓace. Sai na sauke ASIO4ALL, kyauta yake, yana iya tattara na'urori biyu ya nuna wa manhaja kamar abu ɗaya ne, kuma ya yi hakan, makirfo huɗu duk suka hau. Minti biyun farko lafiya lau har muna murna. Amma kun san waƙar gargajiya ba ta minti uku ba ce, tana kai minti goma sha, da muka zauna saurare sai na fara jin ɗan tas, tas a cikin muryar 'yan amshi, can wajen ƙarshe da na buɗe tirak ɗin sosai na ga bugun kalangun da ya shiga makirfon mawaƙi bai zo daidai da wanda ya shiga ɗaya kad ɗin ba, alhali a farko kansu ɗaya. Mawaƙin dattijo ne, ya cire hedifon ya ce "ɗana wannan ba kiɗanmu ba ne, kamar makaɗa biyu ne ke rigima." Wallahi maganar ta zauna min.

Daga baya na gane ba laifin kowace na'ura ba ne. Kowane saun kad yana da agogonsa a ciki da yake yanka sauti, in ka sa 48 kHz to sau 48,000 yake ɗauka a daƙiƙa ɗaya, amma agogo biyu ba sa taɓa tafiya daidai cif, wani zai ɗan fi wani sauri da abin da bai kai a gani ba, sai ya yi ta taruwa yana taruwa har kunne ya kama. Masu Mac sun ɗan fi mu sauƙi, a cikin Audio MIDI Setup akwai Aggregate Device da wani akwati na Drift Correction da ke ta gyara saɓanin, duk da haka gyara ne ake yi a hanya. Maganin asali shi ne agogo ɗaya ya jagoranci kowa.

Nan ne ADAT ya shigo. Wani ɗan rami ne mai murfi a bayan wasu saun kad, siririn kebul na haske ake soka masa, kamfanin Alesis ne ya fito da tsarin, kebul ɗaya yana ɗaukar layi takwas a 44.1 ko 48 kHz, in ka hau 96 kHz ya koma huɗu, kuma agogon ma ta cikinsa yake bi. Na sayar da ƙaramin kad ɗina na cika na sayi Focusrite Scarlett 18i8 ƙarni na uku, tokumbo, bayan wata biyu na ƙara da Behringer ADA8200.

Shi 18i8 ramin makirfo huɗu gare shi a gaba, layin shiga huɗu a baya inda nake soka fiyano, da wajen hedifon biyu kowanne da maɓallin ƙara sautinsa, wannan ya rage min rigimar ƙara min rage min tsakanina da mawaƙi. Sautinsa tsaf yake, muryar da ka sa ita za ka samu. Sai dai ku sani ba ya cin wuta daga USB kamar ƙananan, adaftarsa daban, don haka in aka ɗauke wuta ana tsakiyar ɗauka laftof zai ci gaba shi kuwa ya mutu, dole na ɗora shi a kan inbata. ADA8200 kuma ba saun kad ba ne shi kaɗai, ba ya haɗuwa da kwamfuta, makirfo takwas yake karɓa ya tura ta ADAT, kwamfuta kuma na'ura ɗaya tak take gani da direba ɗaya. Huɗu da takwas, makirfo goma sha biyu kenan, ni ko rabinsu ban cika cinyewa ba. Iyakarsa 48 kHz, wanda bai dame ni ba ko kaɗan tunda yawancin aikina a waya za a saurare shi ko a ɗora a bidiyo. Abin da za ka kula da shi maɓallin wutar 48V ɗinsa, wutar da makirfon kondensa ke buƙata kafin ya yi aiki, guda ɗaya ne ga duka takwas ɗin, ba ka iya kunna wa wani ka hana wani, ni dai makirfon kondensa nake kaiwa kan Scarlett in bar masu ƙarfin hali irin na riƙewa a hannu a kansa.

Ga wurin da mutane ke faɗawa, kuma ni ma na yi kwana guda a ciki. Wannan 18i8 ɗin ADAT na shiga kawai gare shi, babu na fita, saboda haka ba zai iya aika wa ADA8200 agogo ba. Dole ka juya ɗan makunnin da ke bayan ADA8200 zuwa Master 48, sannan ka shiga Focusrite Control, manhajar saita Scarlett, ka mai da tushen agogo zuwa ADAT, ka ga ya nuna ya kulle. In ka bar kowa a kan agogonsa tas tas ɗin nan zai dawo ka ɗauka kayan ne suka lalace. In kuma ranar ba ka kunna ADA8200 ba sai ka mai da agogon na ciki.

Sai maganar manhaja. Ni ɗan FL Studio ne tun farko kuma har gobe a nan nake haɗa kiɗa, wajen jera ganguna da fiyano hannuna ya saba, ga shi in ka saya sau ɗaya sabuntawa kyauta ce har abada, amma mai niyyar saya ya lura ɗaukar murya daga Producer Edition yake farawa, Fruity Edition ba ya yi. Cubase kuwa duk wanda ya zaga situdiyoyin Kano ya san matsayinsa, har yanzu za ka tarar da masu riƙe da Cubase 5 na 2009 ba su saki ba, kuma Steinberg ɗin da suka yi shi su ne suka ƙirƙiro ASIO da VST, tsarin ƙananan manhajojin sauti da ake ɗorawa a cikin manhajar rikodin, da muke ta amfani da su, tun Cubase 12 a 2022 ma sun daina tilasta ɗan makullin USB ɗin nan na lasisi. Amma wajen ɗaukar mutum shida bakwai lokaci guda a tsohon laftof mai RAM 8, Reaper ne ya kwanta min.

Kamfanin Cockos ne ke yin sa, na Justin Frankel wanda ya yi Winamp, wanda ya yi zamanin kafe zai tuna. Fayil ɗin saukewarsa bai kai megabait 20 ba a Windows, datar naira kaɗan ta isa, kwana 60 za ka gwada shi cikakke ba a rufe komai ba, lasisinsa dala 60 ne ga mai amfanin kansa ko ƙaramar sana'ar da kuɗin shigarta bai wuce dala 20,000 a shekara ba, na manya dala 225. Na biya nawa, kuma na huta da fargabar manhajar sata da ke rufewa ana tsakiyar aikin mutane. Na yi tamfilet guda, tirak ɗin jagora, amshi huɗu, kalangu, fiyano, kowanne da raminsa, in sun shigo dannawa ɗaya ce mu fara. Bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, ina barin ta a 128 lokacin ɗauka, wajen milisakan 3 kenan a 48 kHz kafin a haɗa da na na'ura, mawaƙi ba ya jin muryarsa na biyo shi a baya, in na zo miksin in ɗaga ta zuwa 512 ko 1024 laftof ya sarara. Kayan gyaran sauti irin su ReaEQ da ReaComp da ReaTune suna ciki kuma suna aiki sosai duk da fuskarsu ba ado. Abin da babu shi ne kayan kiɗa na kirki, ba za ka buɗe ka tarar da fiyano da ganguna jibge ba, kuma makon farko menu ɗinsa zai gajiyar da kai, shi ya sa ban ce kowa ya bar FL ba, ni a can nake gama kiɗa in fitar da shi WAV in kawo nan a hau.

In kai da mawaƙi ɗaya kake aiki riƙe ƙaramin kad ɗinka, kuɗin ka sa a makirfo da labule mai kauri a bango. In kuwa kana hango 'yan amshi ko masu mandiri ko makaɗa, ranar sayen saun kad juya bayansa ka nemi ramin ADAT kafin ka tambayi farashi. Dattijon nan ya dawo bayan sallah da yaransa, muka ɗauki waƙar minti goma sha huɗu a tashi ɗaya, ya saurara har ƙarshe hedifon na kansa, sannan ya ce a sa masa a memori zai kai gida.