Abeokuta ko Badagry? Alhaji, ka hau jirgin ƙasa kawai

Alhaji, ka tambayi inda za ka kai iyali yawon Sallah daga Legas. Tsakanin Abeokuta da Badagry, ni dai Abeokuta zan ce maka, kuma ba labarin wani na ji ba. Bara, kwana biyu bayan Babbar Sallah, na kwashi uwargida da yara uku muka hau jirgin Legas zuwa Ibadan a tashar Agege. Ba cunkoso, ba ihun kwandasta. Kafin yaran su ga ƙarshen soyayyen naman da aka ƙunso, har mun sauka a tashar Wole Soyinka. Tashar tana ɗan bayan gari, don haka ku gama ciniki da mai tasi tun kafin ku shiga.

Dutsen Olumo shi ne zancen. Tsayinsa mita 137, kuma sunan garin ma "ƙarƙashin dutse" yake nufi da Yarabanci, domin nan mutanen Egba suka fake wajen 1830 a ƙarƙashin jagoransu Sodeke, lokacin da yaƙe-yaƙe suka tarwatsa garuruwansu. Har yanzu kogon da suka zauna yana nan, da ramukan da suke niƙa a jikin dutsen. Autana ya zura hannu cikin ɗaya ya ce, "Baba, turminsu ba ya ɗaukuwa." Akwai wani matsattsen tsagi kusa da ƙololuwa inda na yi nadamar sa babbar riga, uwargida tana ta yi mini dariya. Amma da muka fito sama, ga kogin Ogun, ga rufin kwano ja-ja har iyakar gani, sai na manta da hakin. A gefe guda akwai wurin tsafinsu na gargajiya, ka wuce abinka, ba mai tsare ka. Da muka sauko Sabo muka nufa, muka yi azahar, muka ci tuwo wajen mutanenmu.

Badagry kuwa sau ɗaya na je. Tarihi akwai shi: sarƙoƙin bayi, da benen 1845 da suke cewa shi ne na farko a Najeriya (wanda ya san benayen ƙasa na Kano sai dai ya yi murmushi). Amma hanya ta cinye mini rabin yini, sannan tsibirin Gberefu, inda ake fitar da bayi zuwa jiragen ruwa a da, sai da kwalekwale. Ban ga Hajiya za ta yarda ta zuba yara a ciki ba.

Abin da ba ka tambaya ba: kasuwar Itoku. Dole Hajiya ta ce sai ta sayi adire, wato rinannen yadin Yarabawa, to a kula. Akwai masu haɗa bugun inji na waje cikin rinin hannu, su sayar da tsada ɗaya. Haka wata ta yi mana da turmi guda, sai a gida muka gane. Ku juya bayan yadin: rini na gaske yakan ratsa ciki da waje, kuma zanen ba ya maimaita kansa daidai wa daida, kamar dai na marinar Kofar Mata. Haka ma samarin da ke tare baƙi tun daga titi da sunan jagora, kada ka ba kowa kuɗi sai ka isa wurin yankar tikiti.

Ka sayi tikitin jirgi na zuwa da na dawowa da wuri ta intanet, don na lokacin Sallah ba ya jira. Babbar rigar kuma ka bar ta a Legas.